Amsa ga ɗana kan mai shakkar ɗansa bayan ya girma

Ɗana, na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce yayan matarka ya rabu da matarsa yaronsu yana ɗan shekara 4, bai ƙara aika ko sisi ba. Yanzu yaro ya kai 26, uwar ta taso da maganar kuɗin ciyarwa, shi kuma ya ce dama can yana shakkar ko ɗansa ne, a yi gwaji tukuna. Kana son sanin ko yana da wannan damar, da kuma ko bashin yana nan.

Magana biyu ya cakuɗa, nasaba daban, bashi daban. Ta nasaba ta fi nauyi.

Ƙa'idar ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Matar aure in ta haihu bayan wata 6 ko fiye da tarewa, ɗan na mijinta ne, ba a neman wata hujja. Wata shidan daga Alƙur'ani aka ciro shi: ciki da yaye wata 30, shayarwa shekara 2, ka cire 24 saura 6. Kamanni ba ya rusa wannan. Lokacin da Sa'ad bn Abi Waƙƙas da Abdu bn Zam'a suka yi jayayya kan wani yaro, Sa'ad yana cewa ɗan ɗan'uwansa Utba ne, Abdu yana cewa a gidan mahaifinsa aka haife shi, Annabi (SAW) ya ga kamannin Utba ƙarara a jikinsa, duk da haka ya ba wa gidan da aka haife shi. Haka mutumin da ya zo yana ƙorafin matarsa ta haifi baƙin yaro, aka tuna masa cewa jajayen raƙumansa ma sukan haifi mai ruwan toka, gado ne daga kakanni.

Hanya ɗaya ce miji yake kore ɗa, wato li'ani, a gaban alƙali, kamar yadda ya zo a Suratun Nur aya ta 6 zuwa ta 9. Ya rantse sau huɗu, a ta biyar ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake. Matar ta rantse sau huɗu, a ta biyar ta kira wa kanta fushin Allah in gaskiya ya faɗa. To amma a Malikiyya da gaggawa ake yinsa, da zarar ya san da cikin ko haihuwar. In ya yi shiru ko da kwana ɗaya ko biyu ba uzuri, ko ya karɓi barka ya raɗa wa yaro suna, ƙofa ta rufe. Wanda ya yi shekara 26 ana kiran yaro da sunansa ba shi da li'ani. Ka kuma ja masa kunne ya iya bakinsa, don cewa «ba ɗana ba ne» kazafi ne ga uwar, hukuncinsa bulala 80.

Gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, shi kansa ba ƙarya ba ne. Ana goge cikin kumatu da auduga, a gwada wurare kusan 20 na gado. In sun dace sakamako ya haura kashi 99.9, in sun saɓa a wurare da dama a ce ba uba ba ne. Saɓani a wuri ɗaya tak ba ya korewa, don gado yakan sauya ɗan kaɗan. Inda ake samun kuskure shi ne musayar samfuri, ko gwajin da mutum ya ɗauka da kansa a gida ba shaida, wanda kotu ba ta karɓa. Kuma yaron baligi ne, sai da yardarsa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta ce ba a kore nasabar da ta tabbata da wannan gwaji, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. A ganina ma neman gwajin yanzu, daidai lokacin da aka ambaci kuɗi, cutarwa ce ga saurayin da bai yi wa kowa laifi ba.

Sai bashi. A nan mutane ke kuskure ta ɓangarori biyu. Ciyar da ɗa yana faɗuwa da wucewar lokaci, don an wajabta shi ne saboda buƙatar ranar. Hali biyu ne kawai yake zama bashi: in alƙali ya taɓa yanka adadi, ko in uwar ta ciyar da niyyar a biya ta, ba kyauta ba, uban kuma yana da hali a lokacin. A na biyun za ta kawo shaidar niyyarta, ko ta rantse. Kuɗin nata ne, ba na yaron ba, ita kaɗai ke da ikon yafewa.

Lissafin kuma ba ya kai wa 26. Ɗa namiji ana ciyar da shi har ya balaga yana iya nema, in alamun balaga ba su bayyana ba a tsaya a 18. Mace ce ake ci gaba har ta tare. Daga 4 zuwa 18 shekara 14 ke nan, wata 168, shi ne iyakar abin da za a nema, sai dai in yaron ya balaga da nakasar da ta hana shi nema. A cire watannin da aka tabbatar uban ba shi da ko na kansa, a cire duk abin da ya taɓa biya na makaranta ko asibiti in akwai rasit ko shaidu.

Abin da za ku fara yi, ku tambayi uwar ko akwai takardar hukunci, in akwai a karɓo kwafi daga kotun da ta yanke. In babu, ku zaunar da su da dattijo ɗaya daga kowane ɓangare, a tsayar da adadi, a raba shi wata-wata gwargwadon ƙarfinsa, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Kada a kira yaron wannan zama. In sulhun ya ƙi, ita ce za ta shigar da ƙara.

Ka gaishe min da mai ɗakinka da yara.

Baffanka