Kun tambaya: kamfanonin waya na karya farashin data, wa zai ci ribar faɗan?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan data suke. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su saboda fili. Ta farko ce ta fi cin lokacina, don amsarta ce tushen sauran.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kwanan nan wani kamfanin sadarwa ya rage kuɗin data, ba a yi mako biyu ba sai abokin hamayyarsa ya rage fiye da nasa. Daɗi kam ina ji, amma hankalina bai kwanta ba. In suna iya sayarwa a haka su ci riba, ashe da can cutarmu suke yi? In kuma faɗuwa suke, me ya kai su? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza, kuma ka yi daidai da ka tsaya tunani. Abin da ke rikita mutane shi ne muna ɗaukar data kamar hajar da ake sarowa a kasa a sayar, kowane giga da kuɗin sarinsa. Ba haka take ba. Kamfani na kashe maƙudan kuɗi ne tun kafin ya sayar da mega ɗaya. Zai sayi lasisin zangon iska, wato hanyar da siginar waya ke bi, daga gwamnati, ya kafa turakun sadarwa, ya binne wayoyi a ƙasa, ya biya lantarki da ma'aikata. A shekarar 2000, lasisi biyar na 3G kaɗai sun ci wa kamfanoni fam biliyan 22.5 a Birtaniya, alhali ba a kafa ko turke ɗaya ba. Da zarar an gama wannan kashe-kashen, ko ka yi amfani da layinka ko ka ajiye shi, turken nan yana tsaye yana shan wuta.

Ka ɗauke shi kamar jirgin da zai tashi ƙarfe goma ko ya cika ko bai cika ba. Kujerar da ta tafi wayam ta tafi ke nan, don haka gara a sayar da ita ko nawa ne. Shi ya sa kake ganin garaɓasar dare: da ƙarfe biyu na dare turaka zaman banza suke yi, gigan da aka ba ka a lokacin kusan bai ci wa kamfani komai ba. To tunda babu wani tsayayyen kuɗin sari a kan kowane giga, me ke yanke farashi? Abu ɗaya ne: iya abin da za ka yarda ka biya ba tare da ka gudu wurin wani ba.

Kan batun cuta kuwa, wani lokaci ana yi. A Faransa, a 2005, hukumar kula da gasar kasuwanci ta ci tarar kamfanonin waya uku, Orange da SFR da Bouygues, yuro miliyan 534 saboda sun haɗa baki sun raba kasuwa a tsakaninsu. Sai a watan Janairun 2012 Xavier Niel ya shigo da na huɗu, Free Mobile, da tsarin yuro 19.99 a wata, kira da saƙo ba iyaka haɗe da giga 3, da wani ƙaramin tsari na yuro 2 kacal. Tun kafin ya buɗe ma, manyan uku sun ji ƙamshin abin da ke tafe, kowa ya yi sauri ya fito da nasa reshen mai araha. Turakunsu ba su canza ba, kuɗin lantarkinsu bai ragu ba. Tsoro ne kawai ya shiga kasuwa.

Amma labarin da nake so ka riƙe shi ne na Indiya. A watan Satumban 2016 Mukesh Ambani ya buɗe Jio, ya ce kira kyauta, data kyauta har ƙarshen shekara, daga baya ya ƙara wa'adin zuwa ƙarshen Maris na 2017. Cikin kwana 170 ya tara masu layi miliyan 100. Ba don ya fi sauran iya tattali ba ne ya yi haka. Yana da kuɗin matatar mai da masana'antun Reliance a bayansa, zai iya jure asarar da sauran ba za su iya ba. Talakan Indiya ya more, wannan ba a musu: data ta zama cikin mafi araha a duniya, miliyoyin mutane suka fara hawa intanet a karon farko.

Sai ka duba abin da ya biyo baya. Aircel ya karye a 2018. Telenor ya tattara ya bar wa Airtel kasuwancinsa, Tata ma haka. Reliance Communications, kamfanin Anil Ambani, ƙanin Mukesh ɗin uwa ɗaya uba ɗaya, ya rufe harkar wayar salula. Vodafone da Idea suka haɗe a 2018 don su tsira. Kasuwar da a da take da kamfanoni wajen goma ta koma uku masu zaman kansu da na gwamnati. A watan Disambar 2019 ukun nan suka ƙara farashi kusan a tare, suka sake a ƙarshen 2021, suka kuma a Yulin 2024. Babu wanda ya ji tsoron gudun abokan ciniki, don ina za su je?

A Faransa kuwa, yunƙurin da Orange ya yi na haɗiye Bouygues ya wargaje a 2016, kamfanoni huɗun suka ci gaba da gogayya shekara da shekaru, farashi bai samu damar komawa gidan jiya ba. Saboda haka ni ba girman rangwamen nake kallo ba. Ina ƙirga kamfanoni nawa ne za su rage a tsaye idan ƙura ta lafa. Ka ci arahar nan iya cinka yanzu, amma ranar da ka ji labarin biyu za su haɗe su zama ɗaya, ka fara gyara lissafin aljihunka.

Tambaya: Malam, na sayi tsarin da aka rubuta "mara iyaka". Sati biyu na farko lafiya lau, daga nan ko hoto ba ya buɗewa sai na yi ta jira. Da na kira su, wai na wuce ƙa'idar amfani. Mara iyaka kuma da ƙa'ida? Daga wata tela mai tallata ɗinkinta ta waya.

Amsa: Malama, ba ke kaɗai ba ce, kuma rigimar ta daɗe. Ɗazu na ce giga bai cika ci wa kamfani komai ba, amma wannan gaskiya ne kawai a lokacin da turke ke da sarari. Kowane turke yana da iya nauyin da zai ɗauka a lokaci guda, kuma duk masu waya da ke kewayensa rabawa suke yi. Da yamma, idan kowa ya zauna kallon bidiyo, nan ne tsadar take, don maganin cunkoso sai ƙarin turaka ko ƙarin zango, duka kuwa kuɗi ne masu nauyi. Sa'a ɗaya ta bidiyo mai tsabta sosai na iya cinye giga biyu zuwa uku. Mutum goma masu irin wannan kallon sun isa su takura wa ɗari.

To gasa ta tilasta wa kamfani ya rubuta "mara iyaka" da manyan baƙaƙe, lissafi kuma ya tilasta masa ya sa iyakar da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa. Amurka ta sha wannan kai-komo. Kamfanin AT&T ya daina sayar wa sababbin masu layi tsarin mara iyaka a 2010, Verizon ya bi sahu a 2011. Da T-Mobile ya fara kwashe musu mutane tun daga 2013, sai ga Verizon a Fabrairun 2017 ya dawo da abin da ya ce ya daina, amma da sharaɗin cewa wanda ya wuce giga 22 a wata za a iya mayar da shi bayan layi idan akwai cunkoso. Hukumar kare masu saye ta ƙasar ma ta kai AT&T kotu a 2014 kan rage wa masu tsarin mara iyaka gudu ba tare da cikakken bayani ba, aka ƙare a 2019 da biyan dala miliyan 60.

Ni ban ga laifin a sa iyaka ba. Laifin shi ne a ɓoye ta. Kafin ki sake biya, ki nemi lambobi biyu: giga nawa za ki ci kafin a shaƙe gudun, kuma gudun nawa zai rage bayan an shaƙe. In na biyun bai isa ya tura hoton ɗinki ga mai saye ba, to abin da kika saya tsari ne mai iyaka, sunan ne kawai aka yi masa kwalliya. Ki kwatanta kuɗinsa da na tsarin da ya faɗi gigansa ƙarara, sau da yawa na biyun ya fi sauƙi.

Tambaya: Me ya sa mai sayen data kaɗan-kaɗan ya fi mai sayen ta wata biyan kuɗi, kuma me ya sa take ƙonewa in wa'adi ya cika? Ai kuɗina na biya. Daga wani magidanci.

Amsa: Yallaɓai, wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, don a nan ne gasar ba ta kai wa ga wanda ya fi buƙatarta. Kamfanoni sun fi yin kokawa a kan mai sayen giga hamsin, shi ne mai tsoka, shi ne kuma mai zaman kwatanta farashi. Wanda abin hannunsa bai wuce na yini ɗaya ba, ba shi da zaɓi, sai a yi masa kashin dankali. Hukumar gasa ta Afirka ta Kudu ta binciki wannan bayan koken neman rage farashin data, #DataMustFall, na 2016, kuma rahotonta na Disambar 2019 ya nuna tsarin farashin yana danne talaka, ƙananan ƙunshi sun fi tsada a kowane mega. Bayan nan ne Vodacom ya sauke giga ɗaya na wata daga rand 149 zuwa 99 a 2020. Ka lura, ba gasa ce ta sauke shi ba, hukuma ce ta tsaya a kai.

Ƙonewar data kuwa dabara ce ta rage farashi a allon talla ba tare da an rage shi a aljihu ba. A ce ka biya 100, ko da wane irin kuɗi ne, aka ba ka giga 10. A takarda kowane giga 10 ne. In wata ya ƙare ka ci 6 kawai, kowane giga ya tsaya maka kusan 17. Kamfani ya san da yawa ba za su cinye ba, da wannan ya yi lissafinsa tun farko. Hujjarsu ita ce wa'adi na taimaka musu su san nauyin da ke tafe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bai hana hukumar sadarwar Afirka ta Kudun tilasta musu tun 2019 su bar mutum ya tsallakar da ragowar datarsa zuwa gaba ko ya tura wa wani ba, kuma ba a ji turakunsu sun faɗi ba.

Tambaya: Malam, a gaya mini kai tsaye, in koma kamfanin da ya fi araha ko in zauna? Na shekara tara da layina. Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, shekara taran nan ba ta sa an rage miki ko kaɗan ba, in ma ba a yi wasa ba sabon shiga ya fi ki samun rangwame. Amma kada allon talla ya yanke miki hukunci. Ga abin da na yi da kaina. Wayata mai layi biyu ce, sai na sayi ƙaramin tsari a sabon kamfanin, na bar tsohon layina a wurinsa. Na samu ɗan littafi, wata uku ina rubuta abu uku: nawa na biya, giga nawa wayar ta nuna na ci, da kuma sau nawa sabis ya yanke mini a ɗakin da nake aiki. Wayar kanta tana ƙirga miki data a wurin saiti, ba sai kin dogara da saƙon kamfani ba.

Abin da littafin ya nuna ya ba ni kunya. Mai arahar ya fi sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a takarda, amma a ɗakin nan sai na tsaya jikin taga kafin saƙo ya fita, rabin datar kuma ta dare ce, lokacin da nake barci. Tsohon nawa shi ma ba waliyyi ba ne: na gano shekara biyu ina kan wani tsari da suka riga suka fito da wanda ya fi shi, ba wanda ya ce mini uffan. Ƙarshenta ban koma ba, ban kuma zauna yadda nake ba. Na sauya tsari a tsohon, na kashe sabuntawa ta kai-tsaye don kada a riƙa cire mini kuɗi ina barci, na bar sabon layin a waya saboda ranar da wancan zai yi gardama.

In gwajinki ya nuna sabon ya fi, ƙasashe da yawa yanzu suna da dokar da ta ba ki damar ƙaura da lambarki zuwa wani kamfani, don haka tsoron rasa lambar da ɗalibai da iyayensu suka sani ba hujja ba ce. Ki tambaya ko akwai wa'adin da dole ki yi kafin ki sake ƙaura, ki kuma cinye ragowar datarki kafin ranar, don ba za ta bi ki ba.