Maigidana Mai Ciwon Baifola Ya Sake Ni Cikin Maye, Shin Sakin Ya Auku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Maigidana yana da ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci suka ce baifola ne. In ya motsa masa sai ya kwana da kwanaki ba barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, a lokacin ne kuma yake shan giya. Cikin wannan hali ya ce ya sake ni. Da ya dawo hayyacinsa ya rantse bai san ya faɗa ba. Wani malami ya ce mana sakin mashayi yana aukuwa. Ina matsayina?

AMSA: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Haramcin giya ba ya buƙatar bayani, haka rashin aukuwar sakin wanda hankalinsa ya gushe saboda ciwo. Abin da za a bincika shi ne: ranar nan, wanne ya riga wani, ciwon ko giyar?

Malamin da kuka tambaya, maganar da ta shahara a mazhabarmu ta Malikiyya ya faɗa, amma ya ɗora ta a inda ba muhallinta ba. Malaman da suka zartar da sakin mai maye hujjarsu ita ce shi ya gusar da hankalinsa da hannunsa ta hanyar saɓo, don haka ba za a yi masa rangwame ba. To mutumin da ya yi kwanaki ba barci, yana ganin kansa ya fi kowa, yana rabar da jarinsa a titi, wane hankali ya rage masa da giyar za ta gusar? Dalilin hukuncin ba ya nan. Kuma ko a cikin mazhabar, Shehu Khalil ya kawo saɓani kan mai mayen da ba ya bambance komai. An kuma ruwaito daga Sayyidina Usman cewa babu saki ga mahaukaci da mai maye, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka rinjayar da haka. Raba aure da fatawa irin wannan ba tare da an tambayi likitansa ba gaggawa ce.

Saboda haka, in ciwon ya riga ya yi ƙarfi kafin ya sha, aurenku yana nan. In kuwa lafiyarsa ƙalau ya sha, ko kuma ya ajiye maganinsa da gangan, maganar ta koma cikin saɓanin, alƙali ne zai yanke. Ku je da takardun asibiti da waɗanda suka gan shi a kwanakin.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 1990 ya nuna kusan kashi 46 cikin 100 na masu nau'in ciwon mai tsanani sun taɓa faɗawa matsalar giya. Wasu suna sha ne don neman barci, wasu don gudun ƙuncin da ke biyo baya. Ki gaya masa abin da Annabi (SAW) ya gaya wa Ɗariƙ bin Suwaid game da giya: ba magani ba ce, cuta ce. Tana dagula litiyam, maganin da ake ba masu wannan ciwon, har ya zama guba a jiki, tana kuma ƙara haɗarin mutum ya kashe kansa. In kin ji yana zancen mutuwa, a ranar a kai shi asibiti.

In shan ya zame masa na kullum, kada a kulle shi a ɗaki ya daina lokaci ɗaya, hakan kan jawo farfaɗiya da ruɗewa, har a rasa rai. A tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, a faɗa wa likita gaskiyar shan, kada a ɓoye don kunya. Ruƙiyya a yi, amma duk wanda ya ce aljanu ne kawai, a bar magani, kada ku saurare shi. Ki kuma hana dangi tsine masa, Annabi (SAW) ya hana a la'anci sahabin da aka sha kamawa da giya. In yana dukanki idan ciwon ya tashi, ki kwashe yara ki koma gida har ya lafa, babu laifi a kanki.

Wallahu a'alam.