Daren da Othello ya kashe matarsa: ta ina zan kwatanta finafinai uku?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Tawa. An ba mu aikin kwatanta yadda finafinai suka ɗauki wurin da Othello ya kashe matarsa Desdemona a wasan Shakespeare. Na kalli na Orson Welles, da na Oliver Parker, da Omkara na Indiya, amma na rasa ta inda zan kama.

Amsa: Ƙanena, koma ga rubutun tukuna, babi na 5, fitowa ta 2. Othello ya shigo da fitila, ya sumbace ta tana barci, ya tambaye ta ko ta yi addu'a. Ta roƙi ya bar ta daren nan, ta sauko zuwa rabin awa, har zuwa addu'a guda. Ya toshe mata numfashi. Sai Emilia, mai yi wa Desdemona hidima, ta tona asirin hankicin da mijinta Iago ya kafa wa Desdemona sharrin cin amanar aure da shi, gaskiya ta iso bayan aikin gama ya gama. Rubuta matakan nan a takarda, ka duba wanda kowane fim ya riƙe da wanda ya zubar.

Daga nan ka kashe sauti ka sake kallo. Ƙirga sau nawa aka yanka hoto, ka lura da fuskar da kyamara ta fi daɗewa a kai. Yawancin ɗalibai a nan suke tuntuɓe: suna auna fim da yawan kalmomin da ya kwafo, alhali da hoto fim yake magana.

Welles, wanda fim ɗinsa ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Cannes, a Faransa, a 1952, ya buɗe da jana'izar ma'auratan, Iago na rataye cikin keji. Ka san ƙarshe tun farko, don haka kisan ya zo kamar ƙaddara, cikin inuwa, da ƙyalle a kan fuskarta. Hoton yana da kyau ƙwarai, amma a ganina kyan ya rage zafin zaluncin. Parker, a 1995, ya bar Irène Jacob (Desdemona) ta yi kokawa da Laurence Fishburne (Othello), ka ga mace mai son ranta.

Omkara na Vishal Bhardwaj, 2006, shi ya cancanci shafi mafi tsawo a aikinka. An mai da labarin Uttar Pradesh, hankici ya zama abin ɗamara na gado da ake ɗaura wa amarya a ƙugu, kusan jigida a wurinmu. Hankici yana iya faɗuwa a hanya. Abin ƙugu kuwa, in an gan shi a hannun wani, me za a ce? Shi ya sa zargin ya fi kama zuciyar mai kallo. Kisan a daren aure aka yi shi, da matashin kai, a kan gadon lilo, gawar amaryar (Kareena Kapoor) na kai da komo a saman ta angon (Ajay Devgn) bayan ya harbe kansa. Kada ka tsallake wannan sauyin kuma: a rubutun, Iago ne ya kashe matarsa ya tsira da ransa a hannun hukuma, a nan matar ce ta yanka mijin. Tambayi kanka abin da wannan ya ƙara wa muryar mata a labarin, ka sa amsar a tsakiyar aikinka.