Ana Koyon Rubuta Waƙa a Digiri na Biyu?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Agege ne a nan Legas. Digirina na farko a fannin akanta na yi shi, amma shekara shida ke nan ina rubuta waƙoƙin Hausa, har abokai suna yaba mini. Ina so in koma jami'a in yi digiri na biyu a kan rubuta waƙa. Akwai irin wannan karatu kuwa, kuma zai gyara mini alƙalami?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya ƙara basira. Akwai shi, sai dai karatu biyu ne mabambanta ake yawan haɗawa a suna ɗaya, kuma ya kamata ka rarrabe su kafin ka sayi fom.

Na farko shi ne koyon aikin rubutun kansa, wanda ya yi ƙarfi a Amurka da Ingila. Jami'ar Iowa da ke Amurka ta buɗe shirinta na marubuta tun 1936, kuma digirin da ake kira MFA yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Ɗalibai kaɗan ne suke zama da malaminsu, wanda shi ma mawaƙi ne, a raba waƙar ɗayansu kowa ya karanta ta a gida, sannan a dawo a feɗe ta ɗango bayan ɗango, mai waƙar kuwa bisa al'ada yana zaune shiru har a gama. Kundin kammalawa ma diwanin waƙoƙin ɗalibi ne. Tsari ne mai amfani ƙwarai, amma da Ingilishi ake yin sa, kuma ranar da ka fassara waƙarka domin ajin ya fahimta, kari da amsa-amo sun zube a hanya, ga shi kuwa su ne kake neman a gyara maka.

Na biyu shi ne nazarin waƙa, wanda za ka samu a digiri na biyu na Hausa a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A can kundin bincike za ka rubuta a kan jigo ko salo ko zubi da tsarin waƙoƙin wasu. Duk da haka shi nake ba ka shawara, saboda abu guda wanda a ganina ya fi komai daraja ga mai rubuta waƙar Hausa, wato ilimin aruli, ilimin auna karin waƙa.

Khalil bin Ahmad na Basra ne ya tsara wannan ilimi a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara Mutadarik suka cika 16. Malamanmu sun ɗora waƙar Hausa a kan da yawa daga cikinsu, irin su Kamil da Basiɗ da Mutaƙarib da Rajaz, tun zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u, kuma abin ya zauna daram ne domin Hausa ma, kamar Larabci, tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Ka dubi “gari” na mutane da “gari” na tuwo: a takarda ba su da maraba, amma gaɓar farko ta na tuwo doguwa ce, ta na mutane gajera, saboda haka idan ka sa ɗaya a gurbin ɗaya, ɗangon ya karye ko da ido bai gani ba. Na taɓa zama da wani matashi a Idi-Araba a kan waƙarsa mai baiti ashirin, ƙwar biyu (kowane baiti ɗango biyu), mai ma'ana sosai. Na ce ya rera ta yana buga tebur da yatsa, sai ga shi a baiti na huɗu yana jan wasalin da bai kamata a ja ba domin kawai ya cike gurbi. Shi da kansa ya tsaya, ya ɗauki biro ya canza kalmar. Wannan kunne shi ne aji yake horarwa, tare da sanin zihafi da illa, wato sauye-sauyen da aka yarda mawaƙi ya yi a cikin ƙafar waƙa (rukunin gaɓoɓin da ake auna ɗango da shi) ba tare da ya fita daga kari ba.

Tun da akanta ka karanta, ka shirya wa yiwuwar a nemi ka fara da babbar difloma kafin a ɗauke ka, kuma ka tanadi takardar bautar ƙasa da sakamakon digirinka. Idan an ɗauke ka, ka zaɓi batun bincike mai kusa da aikin hannu, misali yadda Aƙilu Aliyu yake sarrafa kari da amsa-amo, domin duk abin da ka tono a can zai dawo cikin naka rubutun.

Abin da ajin nazari ba zai ba ka ba, wato masu feɗe waƙarka kai tsaye, za ka iya haɗa shi tun yanzu ba tare da ka bar Legas ba. Ka nemi mutum huɗu ko biyar masu rubutu daga Agege da Mile 12 da Obalende, ku riƙa haɗuwa sau biyu a wata bayan La'asar. Kowa ya aiko da waƙarsa kwana uku kafin zama, a rera ta a bayyane, a yanka kowane ɗango gaɓa-gaɓa a kan takarda, kuma kada mai waƙar ya kare kansa sai kowa ya gama faɗin nasa.