Murar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Tambaya: Likita, kullum da asuba sai na yi atishawa kusan goma a jere, hancina na zubar da ruwa, idanuna na ƙaiƙayi. Wata uku ke nan, na sha amoxicillin har sau biyu ba sauƙi. Wace irin mura ce wannan? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Malama, wannan ba mura ba ce, alajin hanci ne. Mura takan tafi cikin kwana 7 zuwa 10, sau da yawa da ciwon jiki ko ɗan zazzaɓi. Alaji kuwa ba ya zuwa da zazzaɓi, majinarsa tsinkakkiya ce kamar ruwa, ga ƙaiƙayi a hanci da ido da maƙogwaro. Garkuwar jikinki ce ke ɗaukar abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba, ta saki sinadarin histamin, cikin hanci ya kumbura. Babu ƙwayar cuta a ciki, don haka amoxicillin asarar kuɗi ce.

Tunda da asuba yake tasar miki, fara zargin shimfiɗarki. Akwai ƙananan ƙwari da ido ba ya gani a katifa da matashi da kafet, kashinsu ne ke tayar da shi. Kyankyaso da kyanwa da funfunar bango ma suna jawo shi, haka garin furen ciyawa a ƙarshen damina. Ƙurar hunturu da turaren wuta da hayaƙin maganin sauro kan ƙara rura shi. Ki riƙa wanke zanen gado da ruwan zafi duk mako, ki shanya matashi a rana, ki yayyafa ruwa kafin shara.

Ga babba, cetirizine ko loratadine miligiram 10 sau ɗaya a rana yana rage atishawa da ƙaiƙayi. Piriton ma maganin alaji ne, amma yana sa barci. Toshewa kuwa sai maganin fesawa irin fluticasone, kuma yakan kai mako biyu kafin ya kankama, a nan mutane ke gajiya su yar da shi. In kina fesawa, karkata bakin kwalbar wajen kunne, kada ya fuskanci bangon da ya raba ƙofofin hanci, don gudun haɓo. Otrivin, maganin buɗe hanci da ake ɗigawa ko fesawa, kada ya wuce kwana 5, in ya wuce hancin zai toshe fiye da da.

In kina da ciki, ko ƙirji na shaƙewa da dare, ko gefe ɗaya kaɗai ke toshewa da jini, ki je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Shaƙewar ƙirji na iya zama asma, domin alajin hanci da asma sukan tafi tare.