Amsa ga Kawu kan akwatin wuta mai shan sifirit

Saƙon murya ne, an rubuto shi saboda waɗanda bai buɗe musu ba.

Assalamu alaikum. Kawu barka da dare, ya sanyin Jos? Ku yi haƙuri, tun azahar na ji saƙonku, ina cikin aji ne, sai yanzu na zauna. In kuna jin ƙara a bayana janareton maƙwabci ne, tun la'asar babu wuta.

To, bidiyon nan da kuka turo, na akwatin da ake ɗura wa sifirit ya kunna ƙwai da fanka ba ƙara ba hayaƙi. Kun ce gaskiya ne ko damfara, kuma ko ku sayar da janareton shago ku ba yaron da ya ce zai yi muku odarsa kuɗi. Bari in fara da ta ƙarshen kafin caji ya yanke ni: kada ku ba shi ko sisi tukuna, janareto kuma a bar shi inda yake. Amma shi ilimin ba ƙarya ba ne.

Fuwel sel ake ce masa. Ku ɗauke shi kamar batir ne da ba a yi masa caji, ciyar da shi ake yi. Janareto ƙona mai yake, wuta ta tura fistin, fistin ya juya kwayil, rabon zafi da hayaƙi ya fi namu yawa. Ƙaramin janareto irin na shagonku da ƙyar yake mayar da kashi 20 cikin 100 na ƙarfin fetur lantarki. Wannan kuwa babu ƙonawa. Faranti biyu ne da wata siririyar fata a tsakaninsu, mai ya shiga ta nan, iska ta shiga ta can. A jikin farantin farko ake tatsar wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi daga man, ilektaron sunansu. Fatar nan ba ta ba su hanya, dole su zagaya ta waya, to zagayen nan nasu shi ne wutar. Kuma tsohon zance ne fa. Tun 1839 wani Bature, William Grove, ya gwada shi a Birtaniya. Kumbon Apollo da ya kai mutane duniyar wata a 1969 da shi ya samu lantarki, har ruwan da yake fitarwa suka riƙa sha. Sai dai nasu haidirojin yake ci, iska ce mai wuyar ajiya, sai da tukunya ta musamman. Shi ya sa ido ya koma kan itanol, wato sifirit ɗin nan, tunda ruwa ne, a jarka ma sai a ɗora shi a keke a kawo.

Gwaggo na ga tambayarku a ƙasa, ko itanol ɗin nan shi ne na giya, kuma mene ne hukuncinsa. Eh, shi ne na cikin sanitaizar da muka yi ta shafawa lokacin korona, kuma shi ne dai sinadarin da ke bugarwa a giya da burkutu. Na masana'anta ana zuba masa abin da zai hana shi shawuwa. Hukunci kuwa fagen malamai ne, ni nawa alli da allo ne.

Yawwa, ga inda gizo ke saƙar. Ina da ƙaramin irinsa na koyar da yara, bai fi akwatin ashana biyu ba. Sai in auna sifirit kashi 1, ruwa kashi 9, in ɗura masa ta wani siririn tiyo. Ba a minti biyu 'yar fankar da ke jikinsa, kamar ta wasan yara, ta fara juyawa shiru, aji ya kaure da ihu. Amma in aka jima sai ka ga tana sanyi tana sanyi. In na matse ruwan da ya taru a ciki na shinshina, Kawu, tsami ne zalla, warin binega. In na tsoma takardar gwaji sai ta yi ja. Ma'ana bai cinye man ba, gutsura ya yi ya tofar.

Dalili shi ne kowace ƙwayar itanol tana da ilektaron 12 da za ta iya bayarwa. Amma a tsakiyarta akwai kabon, sinadarin gawayi, guda biyu ƙulle da juna, ƙullin da ba ya kwantuwa a sanyi. In bai kwance ba 4 kawai za ka samu, wani lokacin ma 2, sauran su bi ruwan tsami su tafi. Kamar mutum ya sayi sandar rake ne ya sha gaɓa ɗaya ya jefar. Shekara da shekaru masana na fama da ƙullin nan. Mitanol, ƙaninsa, kabon ɗaya gare shi, babu ƙulli, shi ya sa masu aiki da shi suna kasuwa a Turai, ana sa su a jiragen ruwa na shaƙatawa da na'urorin da ke daji. Su ma wutarsu ba ta taka kara ta karya ba, ko dutsen gugarku na shago, mai jan wat 1,000 ko fiye, ba za su ɗauka ba. Ga tsada, ga shi mitanol guba ne, yana makantarwa.

Sannan ba a yi sai da dillali. Akwai ƙarfen da ake shafawa a farantin, ba shi ya saya ba, ba shi ya sayar ba, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa. Filatinam ne, ɗan'uwan zinare a tsada, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Shi ma dillalin yakan gaji, dattin aikin ya manne masa ya toshe shi. Abin da zai ba ku dariya, cikin ƙarafan da aka gano suna taimaka masa in an gauraya su har da na kuza. Eh, kuzar nan tamu da ta bar mana kududdufai daga Bukuru har Barikin Ladi.

Inda ƙaramin nan ya riga ya samu aikin yi shi ne na'urar da jami'an hanya ke sa direba ya hura don a gane ko ya sha. Da yawansu fuwel sel ne a ciki, numfashin mashayi ke ba shi wuta, allo ya nuna lamba. Can wuta kaɗan ake bukata.

Fuwel sel ɗin da nake sa wa rai shi ne mai zafi. Shi da tangaran ake yinsa, yana aiki a zafin da ya haura digiri 600, a nan ƙulli dole ya kwance, kuma ba ya bukatar filatinam. Yakan mayar da rabin ƙarfin mai lantarki, har fiye. A 2016 kamfanin Nissan ya nuna mota a Barazil mai irinsa, tankin lita 30, suka ce tana cin sama da kilomita 600. Ba banza suka zaɓi Barazil ba, tun 1975 suke zuba itanol na rake a mota. A 2024 kuma suka fara gwada wanda ake kafawa wuri ɗaya a masana'antarsu da ke Tochigi a Japan, da shirin ba shi itanol na dawa. Dawa fa, Kawu! Da na karanta sai takandar da muke sha a gona muna yara ta faɗo mini. Amma kun ji kalmar, gwaji. Abu ne da ke ɗaukar lokaci kafin ya ɗau zafi, ba ya son kunna-kashe, ya fi dacewa da asibiti ko masana'anta da ke aiki dare da rana.

Batun noma rogo a gonar Shendam don ku riƙa yin mai da kanku, mu yi lissafi. Lita ɗaya ta itanol tana cin ɗanyen rogo wajen kilo 6 zuwa 7, kuma ƙarfinta kashi biyu cikin uku ne na litar fetur. Sai an niƙa, an dafa, an bar shi ya yi tsami, an tace da wuta, ita ma wutar kuɗi ce. Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo, gaskiya ne, amma bakunan da ke jiran garin kwaki ma ba kaɗan ba ne. Tun 2007 gwamnati ta fitar da tsarin gauraya itanol kashi 10 cikin fetur, ni dai har yau ban tsaya a gidan mai na ga an rubuta shi a famfo ba.

Shi yaron, ku yi masa tambaya uku. Wat nawa yake bayarwa? Lita ɗaya awa nawa take yi? Sannan ya buɗe murfin a gabanku, don wani akwatin batirin lityum ne kwance a ciki, sifirit ɗin na ado ne. In ya fara kame-kame kun samu amsa.

Kuɗin kuwa, in da ni ne, faranti biyu na sola zan ƙara a kan shagon, su ɗauki kekunan ɗinki da ƙwai da rana, guga a bar wa gawayi. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan biyo ta Taminus da ƙaramin nawa a jaka, ku ga fankar da idonku, ku shinshina tsamin. A tanadar mini sifirit na kemis kwalba ɗaya, ba mai shuɗin nan ba. Cajina saura 3. A gaida su Inna, sai da safe.