Ɗaukaka ƙara ba za ta haifo takardar da ba ka rubuta ba

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa ya ba ƙanin matarsa kaya bashi, ba rubutu, ba rasit. Da biya ya gagara ya kai shi kotu, wancan ya musanta, alƙali ya kori ƙarar. Yana tambaya ko ya ɗaukaka ƙara ya kai sababbin shaidu, don an ce masa har diyya zai samo.

Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tun ranar da ka saki kayan nan ba ko layi ɗaya a takarda ka faɗi shari'arka. Kunyar suruki ce ta cinye maka jari.

Kotun sama ba ta sake shari'a daga farko. Kundin da ƙaramar kotu ta rubuta ake tura mata, alƙalai su karanta, lauyoyi su nuna inda suke ganin an kauce wa doka. Da wuya a saurari sabon shaida, sai ka tabbatar cewa a da ba yadda za ka yi ka same shi. To kai wace doka aka karya maka? Alƙali ya nemi hujja, ka zo hannu rabbana. Kundin da babu hujja a cikinsa, ko kotun ƙoli aka kai shi haka zai isa.

Ga wa'adi kuma. A Najeriya wata 3 ne daga hukuncin ƙarshe na babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a Ingila galibi kwana 21, a kotunan tarayya na Amurka kwana 30. Wanda ya makara sai ya roƙi izini, ana kuma iya hana shi.

Na san wani da ya bi irin wannan hanya shekara 5. Kuɗin lauya da na haɗa kundi da zirga-zirga suka lashe kusan rabin abin da yake bi, shagonsa na hannun yara, ƙarshe aka tabbatar da hukuncin farko, aka ɗora masa kuɗin shari'a. Har yau abin yana min ciwo.

Maganar diyya ka cire ta daga ranka. Ka karɓo kwafin hukuncin cikin makon nan, ka kai wa wani lauya daban, ka tambaye shi abu ɗaya: akwai kuskuren doka a ciki? In ya ce babu, ka nemi manya su zaunar da ku da surukin naka. Duk abin da ya amsa zai biya, ko rabi ne, a rubuta, ya sa hannu gaban shaidu biyu.